Ɗan Koyo A Masana'antar Magani: Sana'ar Da Amana Ce Jarinta

Babu sana'ar da ba ta da ɗan koyo. Tela yana da yaron da ke ɗinka maɓalli kafin a bar shi ya hau keke. Makaniki yana da wanda ke wankin kayan aiki yana miƙo masa. Mai ƙosai tana da ɗiyar da ke surfen wake shekara da shekaru kafin a sakar mata tuya. Manyan alhazan kasuwar Maraɗi da Damagaram ma, in aka bi tarihinsu, za a tarar da yawansu da tsaron shagon wani suka fara. To haka abin yake ga maganin da muke sha. Ƙwayar farasitamol ɗin da uwa ke sayowa in masassara ta shigo gida, kafin ta shiga kwali, akwai wanda ya auna garinta, akwai wanda ya gwada ta, akwai wanda ya rubuta abin da ya gani ya sa hannu. A manyan masana'antun magani na Turai, da yawa daga cikin masu wannan aiki sun faro ne suna samari da ƴan mata, a matsayin ƴan koyo a ƙarƙashin maigida.

Yau mun leƙa wannan sana'a domin masu karatunmu, musamman ƴan kasuwa da iyayenmu mata, su ga irin tarbiyyar da ake yi wa hannun da ke haɗa magani. Wanda ya san yadda ake yin abu, shi ke gane na kirki da na banza. Mun ɗauki ƙasar Jamus a matsayin misali, ƙasar da da yawanmu muka saba jin labarinta a rediyo, saboda tsarin koyon sana'arta tsoho ne mai oda, kuma wasu magungunan da muka sani can ne asalinsu. Kamfanin Bayer, wanda samarinmu suka fi sani ta ƙungiyar ƙwallon Bayer Leverkusen da ta ci kofin ƙasar a 2024, shi ya fito da Aspirin a 1899. Kamfanin Merck na birnin Darmstadt kuwa daga shagon sayar da magani ya faro a 1668. Su biyun ne suka haɗa hannu a shekarun 1970 suka samar da maganin tsargiya, wato fitsarin jini, irin wanda ake rabawa yaranmu a lakwal.

Yadda ake shiga

Tsarin nasu ƙafa biyu gare shi, ɗaya a masana'anta, ɗaya a makaranta. Yaro ko yarinya da suka gama karatun da ya yi daidai da BEPC ɗinmu, ko kuma BAC, sai su rubuta wa kamfani takardar nema kai tsaye. A yi musu gwajin lissafi da kimiyya, a zauna a yi hira da su. Wanda aka ɗauka, a rubuta yarjejeniya tsakaninsa da kamfanin, in bai kai shekara 18 ba iyayensa su sa hannu tare da shi. Dokar koyon sana'a ta ƙasar, wadda aka kafa a 1969, ta tanadi lokacin gwaji na wata ɗaya zuwa huɗu. A cikinsa kowane ɓangare na iya cewa ya fasa. Bayan nan maigida ba ya iya korar ɗan koyo sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

A sati, ɗan koyo yana kwana uku ko huɗu a wurin aiki, kwana ɗaya ko biyu a makarantar sana'a. Wasu wuraren kuma sai a tara kwanakin makarantar a yi su makonni a jere. Manyan sana'o'in da ake koya a wannan fanni guda biyu ne. Akwai mai haɗa magani, wanda Jamusawa ke ce wa Pharmakant, shi ke tsaye a kan injinan gauraya gari da buga ƙwaya da ɗura ruwan allura. Akwai kuma mai gwaji, Chemielaborant, shi ke ɗakin bincike yana tabbatar da cewa abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki. Kowace daga cikinsu shekara uku da rabi ake yi ana koyo.

Abin da zai ba ƴan kasuwarmu sha'awa shi ne, majalisar ƴan kasuwa da masu masana'antu ta yankin ita ke riƙe da ragamar. A wurinta ake rajistar yarjejeniyar, ita ke duba ko kamfani ya cancanci ɗaukar ƴan koyo, kuma ita ke shirya jarrabawar ƙarshe ta ba da takardar shaida. Shi kansa maigidan da zai koyar sai ya ci jarrabawar iya koyarwa. Ke nan maigida ba ya yaye yaronsa da bakinsa, wasu ne daga waje ke zuwa su auna shi, kuma takardar da ya samu tana aiki a ko'ina cikin ƙasar.

Batun kuɗi kuwa, ɗan koyo ba ya biyan ko tamma. Doka ma ta haramta a karɓi kuɗin koyarwa daga hannunsa. Shi ake biya kowane wata. A 2020 an kafa mafi ƙarancin abin da za a ba ɗan koyo, aka fara da yuro 515 a shekarar farko, kuma ya yi ta ƙaruwa tun daga lokacin. Manyan kamfanonin sinadarai da magani sun fi haka nesa, suna biyan sama da yuro 1,000 a wata tun shekarar farko, wato fiye da jika 655 na sefa, kuma yana ƙaruwa duk shekara. Kada dai adadin ya ruɗe mu, domin hayar ɗaki da abinci da kuɗin mota a can suna cinye kaso mai yawa. Wanda bai kai shekara 18 ba, doka ta hana a sa shi aikin da ya wuce awa 8 a rana ko awa 40 a sati.

Sikeli da tsabta

Mu a kasuwa mukan ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A masana'antar magani wannan karin magana ba ta aiki. Abu na farko da ake koya wa ɗan koyo shi ne kada ya yarda da idonsa. Watannin farko suna ƙarewa ne a kan awo. Sikelin ɗakin gwaji yana iya nuna kashi ɗaya cikin 10,000 na giram. Ƙwayar hatsi guda in aka ɗora masa, sai lambobi su yi tsalle. Shi ya sa yake cikin akwatin gilashi mai ƙofa, don ko iskar da mutum ya taso da ita yana wucewa tana iya canza awon. Kafin a fara aiki sai an gwada shi kansa sikelin da duwatsun awo na musamman waɗanda aka tabbatar da nauyinsu, ba a taɓa su da hannu sai da matsefi. In ya kauce, a ajiye shi gefe a liƙa masa takarda, babu wanda zai taɓa shi sai an gyara.

Dalilin wannan tsanani a fili yake. Mai sayar da hatsi in ta tauye tiya, mai saye ya yi asarar kuɗi. Mai haɗa magani in ya tauye, mara lafiya ya sha abin da bai isa ya warkar da shi ba. In kuma ya zarce, maganin ya zama guba. Akwai magungunan zuciya da na tsinka jini waɗanda ɗan ƙaramin bambanci a awonsu ke iya kai mutum asibiti.

Darasi na biyu shi ne tsabta. Ana koya wa ɗan koyo cewa mafi yawan dattin da ke shiga ɗakin haɗa magani daga jikin ɗan Adam yake fitowa: gashi, ɓawon fata, numfashi, gumi. Don haka kafin ya shiga sai ya tuɓe kayan gida, ya sa na aiki, ya rufe kansa, mai gemu ya rufe gemunsa. Ba agogo, ba zobe, ba ƴan kunne, ba kwalli, ba jan baki, ba hoda. Ba a ci ba a sha a ciki. Wanda ke tari ko gudawa, ko mai buɗaɗɗen rauni, wajibi ne ya faɗa a sauya masa wurin aiki. An kasa ɗakunan kashi huɗu, daga A zuwa D. Ɗakin A, inda ake ɗura ruwan allura, shi ne mafi tsanani. Iskar da ke shigarsa tatacciya ce, kuma ba a barin mutum ya kusance shi sai ya nuna sau da yawa cewa ya iya sa rigar aikin ba tare da ya ɓata ta ba.

Abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba

Wannan ita ce ƙa'idar da kowane ɗan koyo ke haddacewa. Duk tukunyar magani da aka haɗa, wadda ake ba lamba guda, tana da kundinta. A ciki ake rubuta wane gari aka ɗauko, daga wane buhu, wa ya auna, ƙarfe nawa, a kan wane sikeli, wa ya tsaya ya gani. A matakai masu haɗari mutum biyu ke sa hannu, mai yi da mai shaida. Ana rubutu ne a lokacin da ake aikin. Ba a yarda mutum ya riƙe a ka ya ce zai cike da yamma ba.

Ba a amfani da fensir, sai bik mai tawadar da ba ta gogewa. In an yi kuskure ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa, ba a yage shafi. Layi ɗaya ake ja a kan kuskuren yadda za a iya karanta shi, a rubuta daidai a gefe, a sa hannu da kwanan wata da dalili. A wuraren da kwamfuta ta maye gurbin takarda ma haka ne, tana ajiye sunan duk wanda ya canza wani abu da lokacin da ya canza. Ɗan koyon da ya zubar da ruwan gwaji ya faɗa, gyara za a yi masa. Wanda ya zubar ya ɓoye, ya ƙirƙiro lamba ya rubuta, shi ne ya kama hanyar barin sana'ar. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ba yaronsa kayen bashi ya san wannan: ɓatan kuɗi ya fi sauƙi a kan yaron da ke gyara lissafi a ɓoye.

Shi ma ɗan koyon yana da nasa kaye, inda yake rubuta abin da ya koya a kai a kai, maigidansa ya duba ya sa hannu. In babu shi ba a barinsa ya zauna jarrabawar ƙarshe.

Yadda ake haɗa ƙwaya a gwada ta

Iyayenmu mata za su gane wannan aiki da sauri, domin ya yi kama da dambu. Ana ɗauko garin maganin, a haɗa shi da wasu garuruwan da ba magani ba ne, kamar sitacin masara, waɗanda aikinsu su riƙe ƙwayar kuma su sa ta watse in ta shiga ciki. A yayyafa ruwa, a murza har ya zama tsaki-tsaki, a busar, a tankaɗe. Daga nan sai injin bugawa, wanda ke iya fitar da dubban ɗaruruwan ƙwayoyi a awa guda. Mai haɗawa yana tsaye, lokaci-lokaci ya ɗebo kaɗan ya duba nauyinsu da kaurinsu da taurinsu. Kafin a fara wani magani daban, sai an wanke injin, an kwashe duk kwali da takardar na baya, wani ya zo ya duba ya shaida cewa ko ƙwaya ɗaya ba ta saura ba.

A ɗakin gwaji kuwa, ga kaɗan daga abin da ɗan koyo ke yi da hannunsa. Ya auna ƙwaya 20 ɗaya bayan ɗaya don ya ga ko nauyinsu ya yi kusa da juna. Ya zuba wasu a ganga mai juyawa ta juya sau 100 cikin minti 4, in abin da ya gutsure ya wuce kashi ɗaya cikin 100, ƙwayar ba za ta jure tafiya ba. Mu da muka san hanyoyin da kaya ke bi kafin su iso Tawa ko Zinder mun san amfanin wannan gwaji. Sannan ya saka ƙwaya 6 a ruwa mai ɗumin digiri 37, daidai da jikin mutum. Ƙwayar da ba a lulluɓe ta ba dole ta watse cikin minti 15. Wadda ta ƙi watsewa, ko da maganin gaske ne a ciki, tana iya wucewa ta hanji ba ta yi aikin kirki ba.

Gwaji mafi girma shi ne na yawan sinadarin. Ana niƙa ƙwayoyi, a narkar da garin, a tura ruwan cikin na'urar da ke rarrabe sinadarai, wadda ake kira HPLC, a kwatanta sakamakon da na tsantsar sinadarin da aka tabbatar. In kwali ya ce miligiram 500, galibi abin da ake karɓa shi ne tsakanin kashi 95 da 105 cikin 100 na wannan adadi. Har a gama duk waɗannan, maganin yana tsare a sito ba mai taɓa shi. Ɗan koyo ba shi da ikon sakinsa. Akwai babban jami'i guda da doka ta ɗora wa alhakin karanta kundin ya sa hannun ƙarshe. Kuma daga kowace tukunya ana ajiye samfuri har shekara guda bayan ranar lalacewarsa, domin in ƙorafi ya taso a ɗauko a sake gwadawa.

Ranar lalacewa da zafin ranarmu

Kwanan watan da ke jikin kwali ba da ka ake sa shi ba. Ana ajiye samfurin magani a cikin wasu akwatuna masu daidaita zafi da danshi, a riƙa fito da shi ana gwadawa bayan wata uku, shida, shekara, har zuwa ƙarshe. Akwai gwajin gaggawa na wata 6 a zafin digiri 40, akwai na dogon lokaci, wanda ga ƙasashe masu zafi ake yi a digiri 30. Ƴan koyo suna cikin masu fito da waɗannan samfura su gwada. Daga sakamakon ne ake cewa magani zai kai shekara biyu ko uku, da sharaɗin an ajiye shi yadda aka rubuta, galibi ƙasa da digiri 25 ko 30, nesa da rana da laima.

To mu duba namu halin. A watan Afrilu da Mayu zafi a garuruwanmu yakan wuce digiri 40 a inuwa. Maganin da ke yini a kan tire ko bayan keke ko cikin rumfar kwano, alƙawarin da ke jikin kwalinsa ya warware, ko da ranar ba ta cika ba. Mafi yawan alluran rigakafi, da insulin na masu ciwon sukari, da allurar oksitosin da ake yi wa mai jego don tsayar da jini, sanyin firiji suke so, tsakanin digiri 2 da 8. Sanin wannan kaɗai ya isa ya sa uwa ta yi tunani sau biyu kafin ta saya a inda ta ga dama don arha.

Abin da ya jawo tsananin

Waɗannan ƙa'idoji bayan mutuwar mutane aka rubuta su. A 1937 a Amurka wani kamfani ya narkar da magani a cikin sinadarin da ake kira dayetilin gilaikol, wanda ba shi da launi, yana da zaƙi, ana kuma amfani da shi a man birki. Mutum sama da 100 suka mutu, da yawansu yara, sai a 1938 aka yi dokar da ta tilasta gwada lafiyar magani kafin sayarwa. A ita Jamus ɗin, daga 1957 zuwa 1961 an sayar da maganin barci mai suna Contergan wanda mata masu ciki suka sha, aka haifi yara kimanin 5,000 a ƙasar da naƙasar hannuwa da ƙafafu. Wannan masifa tana cikin abin da ya kai su ga sabuwar dokar magani ta 1976.

Abin takaici, gubar 1937 ba ta bar duniya ba. A 2008 a Najeriya ta shiga wani maganin haƙoran jarirai mai suna My Pikin, yara 84 suka rasu. A 2022 a Gambiya yara kusan 70 suka mutu da ciwon ƙoda, kuma ranar 5 ga Oktoban shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan ruwan maganin tari da mura iri huɗu da aka shigo da su daga Indiya, waɗanda aka sami gubar a cikinsu. Yadda abin ke faruwa shi ne, ruwan da ake narkar da magani a ciki yakan zo a manyan duro, wani lokaci gurɓatacce ko an yi masa algus da mai arha. Ƙa'ida ta ce a ɗebi samfuri daga kowane duro a gwada kafin a yi amfani da shi. Aiki ne mai gundura, irin wanda ake koya wa ɗan koyo da wuri. Inda aka tsallake shi, iyaye ne ke biya da ƴaƴansu.

Mu ma a Nijar mun ɗanɗana. A annobar sanƙarau ta 1995 an yi wa mutum sama da 50,000 allurar rigakafi ta jabu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 2,500 suka rasa rayukansu sanadin haka. A 2015 da 2019 ma hukumar ta sake yin gargaɗi a kan jabun allurar sanƙarau da aka gano a ƙasarmu. Rahotonta na 2017 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, magani ɗaya cikin 10 ko dai jabu ne ko bai cika inganci ba.

Wahalarta da ribarta

Sana'ar ba ta ragon mutum ba ce. Akwai tsayuwa ta awoyi, akwai maimaita abu guda sau ɗari, akwai zafin rigar aiki, akwai aikin dare ga manya a inda injina ba sa tsayawa. Ga lissafi da kimiyyar sinadarai a makaranta. Jarrabawar kashi biyu ce, ɗaya wajen ƙarshen shekara ta biyu, ɗaya a ƙarshen koyo, kuma ban da ta rubutu akwai ta aiki da hannu a gaban masu dubawa. Amma da koyo akan iya. Wanda ya gama yana ɗan shekara 20 ko 22 ya fito da sana'a a hannu, ba bashi a wuyansa, kuma kamfanoni da yawa suna riƙe ƴan koyonsu. Daga nan yana iya ƙara karatu ya zama shugaban sashe, ko ya wuce jami'a. Mata kuwa ba a bar su a baya ba, a ɗakunan gwaji da yawa sun yi kankankan da maza.

Ga masu tunanin tura ƴaƴansu, a sani cewa baƙo ba ya shiga wannan tsari sai ya iya Jamusanci sosai, ya sami kamfanin da ya ɗauke shi da kansa, ya bi ta hanyar biza. Tun da kamfanin ba ya karɓar kuɗi, duk wanda ya zo ya ce a ba shi miliyan ya saya wa yaro gurbi, a yi hattara da shi.

Mu fa a nan gida?

Mafi yawan maganin da ake sha a Afirka daga waje yake zuwa, kuma a 2021 an ƙiyasta cewa kashi 99 cikin 100 na alluran rigakafin nahiyar shigo da su ake yi. Tarayyar Afirka ta sa burin a riƙa yin kashi 60 cikin 100 a gida kafin 2040. Gini da injina kuɗi na sayensu, amma hannun da ya iya awo ya kuma ƙi yin ƙarya a kundi, sai an raine shi shekaru. Sana'ar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Allurar MenAfriVac da aka fara yi wa jama'a a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, wadda ta kusan kawar da sanƙarau nau'in A daga yankinmu, a Indiya aka haɗa ta, a kan kuɗin da bai kai rabin dalar Amurka ba kowace guda. A Dakar ma cibiyar Pasteur ta daɗe tana haɗa allurar shawara.

Muna da inda za a ɗora. A Yamai akwai LANSPEX mai gwada magani da abinci da ruwa, akwai ONPPC mai sayowa da rarrabawa, akwai sashen koyon haɗa magani a Jami'ar Abdou Moumouni, ga makarantun ENSP na Yamai da Damagaram masu horar da ma'aikatan lafiya, ga asusun FAFPA na tallafa wa koyon sana'a. Abin da ya kamata a koya daga Jamus shi ne haɗa makaranta da wurin aiki, da rubutacciyar yarjejeniya, da jarrabawar da wasu daga waje ke yi. Nan majalisar ƴan kasuwarmu tana da rawar takawa, domin a can ma takwararta ce ke riƙe da igiyar.

Iyaye kuwa, yaro ko yarinyar da kuka ga tana son lissafi da kimiyya, mai natsuwa, mai faɗin gaskiya in ta fasa kwano, kada a cire ta daga lakwal don talla. A ƙarfafa mata ta bi sashen C ko D. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kafin lokacin, kowa na iya yin ɗan abin da ɗan koyo ke yi. In za ku sayi magani, ku je farmasi ko asibiti. Ku duba lambar tukunya, inda aka rubuta Lot, ku ga ta kwali ta yi daidai da ta takardar ƙwayoyin da ke ciki. Ku duba ranar lalacewa, inda aka rubuta EXP. Ku duba sunan kamfani da ƙasarsa. Ƙwayar da ta canza launi, ko ta ruɓe ta zama gari, ko aka tsiyayo ta a leda ba suna, kada a ba yaro. In magani ya ba ku shakka, ku mayar da shi tare da kwalinsa ku nuna wa likita ko mai farmasi, domin da wannan lambar ce ake bin sawunsa har zuwa kundin da wani ya cike ya sa hannu. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka a neman kowa.